Yadda Ake Gwada Hawan Ruwa a Cikin Tsiro

Duk wanda ya yi noman auduga ko dawa a Jazira, ko a bakin kogi wajen Mai Wurno, duk a ƙasar Sudan, ya san shuka da shan ruwa. Sai dai fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan nan ba ya zama a jikinta, ta ganye yake fita ya bi iska. Fitar tasa ce ke jawo wani ruwan daga ƙasa. Ga yadda za ka nuna wa yara wannan a tsakar gida.

Da hantsi, ka sami farar leda mai shara-shara, ka zura mata reshen darbejiya mai ganye sosai, ka ɗaure bakinta da zare tamau. Wata ledar kuma ka ɗaura ta a reshen da ka zage ganyensa tas. Kada ka tsallake wannan, don wani yaron zai ce ai ledar ce ta yi gumi. Kafin la'asar, ledar farko ta tara ruwa, ta biyun kuwa da ƙyar ta jiƙe. Ka kwance su, kada zafi ya dafa ganyen.

Ruwan ya fito ne ta wasu ƙananan ƙofofi, akasari a bayan ganye, waɗanda ido ba ya gani.

Saura hanyar da ya bi. Ka zuba kalar abinci shuɗiya a kofin ruwa. Ka yanko alayyafo da ganyensa, ka sake datse gindin karan yana nutse cikin ruwa, domin iska in ta shiga sai ta toshe hanya. Ka tsoma shi a kofin, ka ajiye inda iska ke kaɗawa. Bayan 'yan awoyi ka yanka karan a tsakiya: za ka ga ɗigo-ɗigon shuɗi. Bakin siraran bututun da ruwa ke hawa ke nan.

Ganye ne ke ja daga sama. Ƙwayoyin ruwa na riƙe da juna kamar igiyar guga, wanda ya fita ya jawo na bayansa, har zuwa saiwa. Wasu masana kimiyya biyu, Dixon da Joly, ne suka yi wannan bayani a 1894.

Shi ya sa in za ka yi dashe a zafin Sudan, ka bari sai da yamma, ka kuma rage wa dashen ganye, tunda saiwar ba ta kama ƙasa ba tukuna.