Yadda ake gyara titunan unguwa a taswirar OpenStreetMap

Manhajojin nuna hanya irin su OsmAnd da Organic Maps ba su da ma'aikatan da ke zagaya Yamai suna auna tituna. Taswirarsu daga OpenStreetMap take, aikin sa kai da aka fara a Ingila a 2004, wanda duk mai rajista yake iya gyarawa. Idan waya ta zagaya da mai taksi ta bayan gari alhali ga titi a gabansa, sau da yawa wani ɗan sa kai ne ya zana titin amma bai ɗaure shi da na kusa ba.

Shiri

Buɗe openstreetmap.org a kwamfuta, ka yi rajista, ka matso da taswira kan unguwarku, ka danna maɓallin gyara. Abin da zai buɗe shi ake kira iD. Kada ka zana titi da waya, yatsa ba ya saita ɗigo daidai. Ka nemi linzamin kwamfuta ko da na aro ne. Hotunan tauraron ɗan Adam suna shan forfe sosai, saboda haka ka zaɓi wuri ɗaya ka tsaya a kai, yawo a taswira daga unguwar Yantala zuwa Talladje don kallo kawai asarar kuɗi ce.

Ka fara da inda ƙafarka ta sani. Manyan hanyoyi kamar RN1, da Boulevard Mali Bero, da gadar Kennedy, ka bar su tukuna. An jingina musu bayanai da yawa da sabon hannu ba ya gani, kuma ɓarna a kansu tana shafar duk mai ƙetare gari. Aikin da ya rage yana sababbin unguwannin gefen gari, inda ake yanka filaye ana gini kullum.

Duba hoto kafin ka ja layi

A gefen dama akwai jerin hotunan tauraron ɗan Adam da ake shimfiɗawa a bayan taswira, ciki har da na Bing da na Esri. Ba a shekara ɗaya aka ɗauke su ba. Ka gwada su, ka zaɓi wanda ya nuna gine-ginen da ka san sababbi ne. Hoto yana iya gocewa da mitoci daga ainihin wurin. Idan ka ga duk titunan unguwa sun kauce wa hoto gefe ɗaya kuma da tazara ɗaya, hoton ne ya goce, kada ka kama jan tituna ɗaya bayan ɗaya. Kunna sawun GPS da mutane suka ɗora, wato layin tafiyar da na'urarsu ta naɗa, ka gyara zaman hoton daga ƙasan wannan jerin har ya hau kansu. In babu sawu a wurin, ka naɗi naka da OsmAnd, tafiya da dawowa, fiye da sau ɗaya, don GPS na waya shi ma yana kuskuren 'yan mitoci.

Kwafa daga Google Maps haramun ne a wannan aiki, ko da sunan titi ne kawai. Lasisinsu bai yarda ba, kuma idan aka gano za a goge aikin.

Ɗaure mahaɗa

A nan yawancin sababbi ke faɗuwa. Manhaja ba ta kallon zane yadda ido ke kallo. Abin da ta sani shi ne ɗigo: tituna biyu sun haɗu ne kawai idan suna da ɗigo ɗaya da suke tarayya a kai. Layi biyu na iya taɓa juna a allo, har ma su gitta, amma in babu wannan ɗigo, a wurin manhaja babu hanyar juyawa. Kamar igiya biyu ne da aka aza ɗaya kan ɗaya ba a ƙulla ba.

Zaɓi kayan zana layi. Kai linzami kan tsohon titin har sai ya yi haske, sannan ka danna. Bi tsakiyar sabon titin, ɗigo kaɗan inda ya miƙe, da yawa inda ya lanƙwasa. A ƙarshe ma ka jira titin da za ka faɗa wa ya yi haske kafin ka danna. Ɗigon da ya ɗauru yana zama toka-toka, wanda bai ɗauru ba fari ne. Kada ka tsaya a launi kaɗai: kama ɗigon ka ja shi kaɗan. In tituna biyun sun motsa tare, ya ɗauru, sai ka mayar da Ctrl+Z. In ɗaya ya biyo ka ɗaya ya tsaya, sake.

Unguwannin da aka yanka kare-kare sun fi wahala, don layi ɗaya yana iya gitta tituna goma. Mai gaggawa yakan danna farko ya danna ƙarshe ya wuce. Dole a kowace mahaɗa ka tsaya ka sa ɗigo. iD yana gargaɗi idan tituna sun gitta ba ɗigo, ko ƙarshen titi ya tsaya ƙasa da mita 5 daga wani bai taɓa shi ba. Kada ka danna watsi da gargaɗin don ya ɓace maka. Amma kuma kada ka ɗaure abin da a ƙasa ba ya haɗe: lungun da katanga ko kaniwo ya toshe, a bar shi a toshe.

Akasin wannan kuskure yana kan gada. Titin sama da na ƙasa ba sa tarayya a ɗigo, in ba haka ba manhaja za ta ce wa direba ya juya daga saman gada zuwa ƙasa. Yanke titin a bakin gadar biyu da almakashin da ke fitowa idan ka danna dama a kan ɗigo, ka ba guntun tsakiya bridge=yes da layer=1, waɗanda alamomi ne da ake rubuta wa abu a iD don manhaja ta san ko mene ne. Inda titi ya ratsa ƙwari ba gada, mota na shiga cikin ruwan da damina, ɗigon haɗuwar titi da ƙwarin shi ake ba ford=yes. Haka kuma kada ka liƙa titi a jikin gini ko iyakar fili don kawai linzami ya kama su. Riƙe Alt yana hana wannan kamun.

Irin titi da shimfiɗarsa

Titin cikin unguwa highway=residential ne ko da rairayi ne zalla. Sababbi suna ganin babu gudron sai su sa track, wanda na hanyar gona ne, irin masu shiga gonakin shinkafa na Saga. Sakamakonsa manhajar mota ta guje wa unguwa ɗungurungum. Matsayin titi aikinsa ne, shimfiɗa kuma daban ake rubuta ta: surface=asphalt ga gudron, paving_stones ga pabe, compacted ga laterit da aka daddaɓe, sand ga rairayin da ke kafe mota. Wurin da ruwa ke kwanciya duk damina ka ƙara masa flood_prone=yes.

Hanya mai hannu ɗaya tana bin inda aka ja layin. Bayan ka sa oneway=yes, duba kibiyoyin, in sun kalli baya ka juya layin. Kada ka sa ta sai ka ga allon titin da idonka. A shataletale kibiyoyi su saɓa wa juyin agogo, tunda a Nijar dama ake bi.

Suna da adanawa

Suna shi ne abin da ke rubuce a allon titi, har da masu lamba irin na Yantala da ke farawa da YN. Wanda jama'a ke kira da baki ya tafi loc_name, na Hausa name:ha, na Zabarmanci name:dje. In babu suna a bar gurbin fayau, “hanyar laterit” ba suna ba ne. Titin da ya karkace a gyara ɗigoginsa, kada a goge a sake zanawa, tarihinsa da alamominsa suna tafiya tare da shi. Wajen duba alluna, kada ka tsaya ɗaukar hoto ko naɗar sawu kusa da barikin soja ko filin jirgi.

Adana bayan kowane tituna biyar ko shida, ka rubuta abin da ka yi da unguwar da hoton da ka bi. A shafin, gyaran yana fitowa cikin mintoci. A waya sai manhajar ta fitar da sabuwar taswira ka sauke, abin da kan ɗauki makonni. Washegari ka koma shafin, ka nemi hanyar mota daga sabon titin zuwa Babbar Kasuwa. In layin ya fita ta inda direba zai fita, mahaɗan sun ɗauru, in ya yi zagaye ka koma kan ɗigon da ya tsallake.