Yadda za ku haɗa ƙungiyar rok ta wasa ku juya tsohuwar waƙa

Yaranmu masu kwamedi a Gusau sun dame ni da tambaya kan wagga harka, to bari in faɗa maku yadda munka yi tamu. Abin dai ba sabo ba ne. A 1984 anka yi fim ɗin Spinal Tap a Amurka, 'yan wasa ne sunka fito kamar mawaƙan rok na Ingila (rok shi ne kiɗan Turawa mai jita da ganga masu ƙara), ƙungiyar babu ita a zahiri amma sai da ta kai suna hawa dandamali na gaske mutane na biyan kuɗi su kalla. Mu ma nan muna da 'yan kama tun kaka da kakanni, su ɗauki waƙar babban makaɗi su mai da ta waƙar tuwo da miya.

Da farko ku ƙirƙiro ƙungiyar, ku laƙa mata suna mai cika baki, kamar Zakunan Tudun Wada, kowa a ba shi halinsa, mai jita mai ji da kai, shugaba da kullum yake cewa daga turai ya dawo alhali Ƙaura Namoda ya kwana. Baƙar jaket ta gwanjo da tabarau sun wadatar.

Aikin yana ga waƙar. Ku zaɓi wadda ko tsohuwa a cikin gida ta sani, ta Ɗanƙwairo na Maradun ko ta Narambaɗa, ku saurare ta har ku gane inda makaɗi ke ajewa 'yan amshi su karɓe, don nan ne mutane ke gane waƙa tun kafin a furta kalma. Mai ganga ya riƙe tafiyar kotso kada ya sake ta, ita jita ta bi muryar makaɗi da ƙara. In za ku canza baiti, ku ƙirga gaɓoɓin na asali ku zuba naku daidai, inda ya ja ku ja, in ba haka ba karin ya karye kuma wallahi kunnen Bazamfare ba ya yafe wannan. Maganar ku sa ta yau da kullum, tsadar mai, bashin mai shayi, wutar da ba ta zuwa.

Kuma don Allah cikinku masu wasan kada wanda ya yi dariya. Ranarmu ta farko mai jitarmu ya fashe da dariya ana tsaka da waƙa, nan take wurin ya yi sanyi. Karo na biyu munka ɗaure fuska kamar gaban sarki muke, sai ga wani dattijo a layin gaba ya cire hula yana karɓa mana amshi, hawaye na zuba don dariya.

Zambon da ke cikin ta asali ku cire shi, jikokin waɗanda anka yi wa suna raye, kuma sunan basaraken da anka wasa ba abin wasa ba ne. Ku rubuta sunan makaɗin a ƙasan bidiyo, in kuɗi za su shigo ku nemi iyalansa tukuna.

Wajen ɗauka a rage sifikar jita kada ta danne murya, a kai janareto bayan katanga, minti 2 ya isa TikTok.