Yadda za ka kai yaronka Gana neman sawun kakanninsa fataken goro

Kafin ka sayi tikiti, zaunar da yaron gaban tsohuwar gidanku ya ji da kunnensa: sunan kaka, laƙabinsa, da maigidan da yake sauka wajensa a Gwanja, wato yankin arewacin Gana inda fatake ke sayen goro. Ka riƙe laƙabin sosai, domin da shi tsofaffin zango, wato unguwar Hausawa a Gana, ke tuna mutum. Ni 'yata na ba littafi da biro, ita ke rubutawa.

Yaro yana buƙatar fasfo nasa na kansa, da katin rigakafin cutar shawara, da takardar yardar mahaifiyarsa idan ba tare kuke ba. Ɗan Najeriya ba ya neman biza zuwa Gana. Sa gidan sauro a jaka.

A Kumasi, fara da gaida Sarkin Zango, da ƙullin goro a hannu, sannan limamin unguwa bayan La'asar. Bari yaron ya durƙusa ya faɗi sunan kakansa da bakinsa. Tsofaffi sun fi sakin jiki da haka.

Kada ka tsaya kan Salaga kaɗai, tsohuwar babbar kasuwar goro ta Gwanja. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi, danginku na iya kasancewa can. Gari ɗaya a rana ya ishi yaro.