Darasi na Tara: Neman Ƙarafa da Ƙotar Bais

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake haɗa teburin kafinta. Yau za mu shiga kasuwa neman kayan bais, wato abin da ke matse katako a jikin tebur don a samu damar yanka shi ko goge shi ba tare da ya motsa ba. Sabon bais na kanti yana da tsada. Amma kafinta zai iya yin nasa da katako biyu masu kauri, idan ya samu ƙarfen da ya dace.

Kada ka yanka katako tukuna. Fara sayen ƙarfe, sannan ka huda katako daidai da kaurinsa. Wanda ya fara hudawa yakan dawo daga kasuwa da ƙarfen da ya fi ramin girma, ko wanda ke lilo a ciki.

Sandar matsi

Babban abin nema shi ne sandar ƙarfe mai haƙora kewaye da ita, tare da notinta. Ita ce ke jawo katakon gaba ya matse aiki. Ana samun ta ta hanya uku.

Masu sayar da noti suna da sabuwar sanda mai tsawon mita 1. Ka nemi mai kaurin milimita 20 ko 24. A jikin kwali za ka ga an rubuta M20 ko M24. Wadda ta gaza haka lanƙwashewa take yi. Aibin sabuwar sanda ɗaya ne: haƙoranta ƙanana ne, saboda haka tana da nawa. M20 tana tafiyar milimita 2 da rabi a kowane juyi, M24 kuma milimita 3.

Akwai kuma tsohon jak ɗin ƙaramar mota, irin mai buɗewa kamar almakashi. Sandar da ke tsakiyarsa an yi ta ne don ɗaukar nauyi, sai dai siririya ce, ta fi dacewa da ƙaramin bais.

Wadda ta fi duka a ganina ita ce ta ƙafar ƙarafan da magina ke kafawa su hau a manyan gine-gine. Tana da kauri, haƙoranta manya ne masu faɗin kai, ba sa saurin cinyewa, kuma juyi kaɗan ya isa bais ya buɗe. Idan ka gan ta a wurin 'yan gwangwan, kada ka wuce ta.

Mutumin Kano ya nufi Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya shiga Panteka, na Yamai kuma kasuwar Katako. A ƙananan garuruwa ka tambayi bakanike ko mai walda, domin su suka san inda tsofaffin ƙarafa ke taruwa.

Karanta wannan hira da ƙarfi:

"Salamu alaikum, Alhaji. An yi kasuwa lafiya?"
"Lafiya lau, Malam. Me ake nema?"
"Sanda mai haƙora nake so, ta bais."
"Ga wannan, mai kyau ce."
"Ina notinta, Alhaji?"
"Ai za ka samu a gaba."
"A'a, ranka ya daɗe. In babu notinta, ba ta da amfani a wurina."

Malamin nan ya yi daidai. Haƙoran jak da na ƙarfen magina ba irin na notin kanti ba ne. Za ka iya zagaye kasuwa har yamma ba ka samu wanda ya shiga ba. Kafin ka biya, ka murza notin daga wannan kai zuwa wancan. Idan ya cije a tsakiya, ka duba ko tsatsa ce ko haƙori ne ya lotse. Tsatsa tana fita da burushin ƙarfe da ɗan kananzir, amma lotsattsen haƙori wahala ce. Sannan ka mirgina sandar a kan daɓen siminti. In tana tsalle, a karkace take, ka ajiye musu kayansu.

Ƙota

Kan sandar yana bukatar wurin da ƙota za ta ratsa. Je wurin masu kayan famfo ka nemi mahaɗin fayif mai baki uku, wanda suke kira Ti, na ƙarfe ba na roba ba. Ka tafi da sandarka ka gwada. Baki ɗaya zai zauna a kan sandar, ƙota kuma ta ratsa sauran biyun. A huda Ti ɗin da sandar tare, a zura ƙaramin noti a ɗaure. Idan walda za a yi, a yi ta a fili inda iska ke kaɗawa, domin farin shafen da ke jikin fayif ɗin ruwa yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi.

Ita ƙotar ta itace ta fi. Masassaƙan da ke yin ƙotar fartanya da gatari za su fere maka ita da marke ko aduwa. Farin katako mai taushi karyewa zai yi. Tsawon santimita 30 zuwa 35 ya isa. Ta riƙa zamewa cikin Ti ɗin ba tare da cijewa ba, a kafa mata ɗan toshi a kai biyun don kada ta zare ta faɗo maka a ƙafa. Wasu sukan zura dogon fayif don ƙarin ƙarfi. Wannan shi ke tsaga katakon bais, ya kuma bar tabo a jikin aikin mutane.

Sauran tarkace ba su da wuya: babban washa mai kauri da zai zauna tsakanin Ti da katako, don kada ƙarfe ya ci itace, wani washan da ƙusar tokare a bayan katakon gaba, don ya biyo sanda idan an kwance, sai guntayen fayif biyu masu tsawo ɗaya da za su hana katakon karkacewa. Kada ka shafa wa haƙoran giris ko baƙin mai, garin katako manne musu yake yi. Goga musu kyandir.

Aikin yi

1. Rubuta sunayen abubuwa huɗu da za ka sayo.
2. Sanda tana tafiyar milimita 3 a kowane juyi. Juyi nawa za ka yi bais ya buɗe milimita 60?
3. Auna kaurin teburinka da tef, ka rubuta shi a takarda, ka zo da ita aji na gaba.