Yadda Ake Shimfiɗa DNA A Kan Garafait Don Dubawa Da AFM

Garafait ɗin da ake nufi shi ne HOPG, wato tsaftataccen garafait mai sumul da ake sarrafawa don ɗakin gwaji, ba bakin fensir ba. Manna selotef a samansa, ka danna sosai, ka ɗaga a hankali har sabuwar fuska ta fito tana sheƙi kamar madubi. In ɓarɓashi ya miƙe, sake ɓarewa. Yi aiki da ita nan take, domin cikin 'yan mintoci dattin iska ke lulluɓe ta, balle a hunturun Katsina. Rufe ta da murfin gilashi.

Kafin ka ɗiga komai, ɗauki hoton fuskar tana wayam da AFM, na'urar da ke bin saman abu da siririyar allura tana auna tudu da kwari. Nan sababbin shiga ke faɗuwa. Garafait hawa-hawa ne, tsakanin kowane hawa da na ƙasansa kimanin nanomita 0.34 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma inda hawa ya tsinke yakan bar dogon layi mai kama da zaren DNA. Tun 1991 Clemmer da Beebe suka nuna a mujallar Science cewa garafait tsura yana ba da irin wannan siffa a na'urar STM, 'yar'uwar AFM. Don haka ja layin awo ya ratsa abin da ka gani. In tsayi ya hau ya tsaya a sama, gaɓar garafait ce. In ya hau ya sauko daidai inda ya taso, to zare ne. Kuma kada ka jira nanomita 2, wato ainihin kaurin DNA: busasshen DNA yakan nuna ƙasa da 1.

Garafait ba ya shiri da ruwa, shi ya sa DNA mai zare biyu ke cukurkuɗewa ko ya warware a kansa, yayin da mai zare ɗaya ke kwantawa lafiya. Maganin shi ne a fara yi wa garafait ɗin shimfiɗa siririya ƙwarai ta sinadarin octadecylamine da aka narka a kulorofom. Ƙwayoyinta na jeruwa kamar kunyoyin gona, DNA ya bi su, yana karya kwana a digiri 60 ko 120. Wannan kwanar ce shaidar aiki ya yi.

Sayi DNA na lambda (wata ƙwayar bairas mai kama bakteriya), ya fi araha, kuma tsawonsa sananne ne, kusan maikuromita 16. Tsarma shi zuwa nanogiram 1 a maikurolita. In ya yi kauri, raga za ka samu. Ɗiga maikurolita 10, jira minti ɗaya, ɗauraye da tataccen ruwa, busar da iskar naitirojin. Yi hoton da salon da allura ke taɓawa tana ɗagawa, nesa da girgizar janareta.