Yadda Ake Farfaɗo da Zuciya Idan Ibada Ta Daina Daɗi

Mai imani yakan shiga wani hali inda zai tayar da sallah, baki yana karatu, zuciya kuwa tana rumfarsa ta kasuwar Kejetia da ke Kumasi tana lissafin bashin da ake binsa. Wannan ita ce ƙeƙashewar zuciya, kuma matakin farko na maganinta shi ne kada mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa Allah ya juya masa baya. Imam Muslim ya ruwaito cewa sahabi Hanzala ya taɓa zargin kansa da munafunci, domin tsoron Allah da yake ji a gaban Annabi (SAW) yakan ragu idan ya koma cikin iyali da dukiya, amma Annabi ya nuna masa cewa zuciya ba ta dawwama a hali guda.

Daga nan sai ka buɗe Suratul Hadid, ka karanta aya ta 16 da ta 17 a haɗe, a hankali, tare da ma'anarsu. Ta farko tana gargaɗi game da zukatan da suka ƙeƙashe saboda tsawon zamani, ta biyu kuma nan take ta ce Allah yana rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Wanda ya ga yadda ciyawa ke tsirowa a Kumasi da ruwan farko bayan ƙurar hunturu, ya san abin da ayar take nufi. Da yawa daga cikinmu a Zongo mun sauke Alƙur'ani a makarantar allo ba tare da mun zauna tafsiri ba, saboda haka shafi ɗaya da ka fahimta a gaban malami zai fi taɓa ka bisa izu biyar da ka karanta cikin gaggawa.

Kada ka ɗora wa kanka nauyin da za ka ajiye bayan mako guda, tunda aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ka riƙe sallar Asuba cikin jam'i a masallacin unguwarku, ko a Aboabo kake ko a Asawase, ka bar waya a ɗaki, kuma ka ɗan zauna bayan sallama kana roƙon Mai jujjuya zukata ya tabbatar da zuciyarka a kan addininsa. Ka je ko da ba ka jin sha'awar zuwa.

Sai kuma haƙƙin mutane, wanda a ganina nan ne matsalar ta fi ɓuya: mudun da aka tauye, bashin da aka ƙi biya, ɗan'uwan da aka yanke wa zumunci. Ka gyara wanda za ka iya a yau.

Idan kuwa halin ya daɗe har ya haɗa da rashin barci, ƙin abinci da ƙyamar shiga mutane, ka ga likita, kana ci gaba da addu'arka.