Idan kaya sun zaunar da kai a Bankok, ga yadda za ka zaga Fadar Gaba

Yawancinmu 'yan kasuwar Taminus ta Jos da ke zuwa sari Tailan, Bankok ɗinmu ba ta wuce kasuwar Pratunam, ɗakin otal da gidajen abincin Larabawa na Nana ba. Ni ma haka nake har wata tafiya da masu ɗauko mini kaya suka yi ta ce mini gobe, jibi, na sami kwana biyu ba abin yi. Ranar ce na je gidan tarihinsu na ƙasa, wanda ke cikin tsohuwar Fadar Gaba. Da na dawo Jos na ba Alhaji maƙwabcin shagona labari, sai ya ce, "Malam, kai da ko gidan tarihinmu na kusa da gidan zu ba ka leƙawa?" Gaskiyarsa. Amma ga hanyar, ga wanda zai je.

Kada ka tafi Litinin ko Talata, a rufe yake. Laraba zuwa Lahadi ake buɗewa, kuma ƙarfe huɗu na yamma an tashi. Ka yi sammako. Zafin Bankok ga mutumin Jos azaba ne, zufa tun ƙarfe goma. Ka hau jirgin ruwan haya na kogin Chao Phraya ka sauka a Tha Chang ko Phra Athit, ka taka sauran da ƙafa zuwa titin Na Phra That, daura da babban filin Sanam Luang. Idan wani mai keke ya tare ka ya ce yau an rufe, zo in kai ka wani wuri, yi masa murmushi ka wuce. Shagon gwal ko na tela zai kai ka. Kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ka riƙe tsabar baht a aljihu.

Kafin ka kalli komai, ka san gidan wa ka shiga, don in ba haka ba gine-ginen duk iri ɗaya za su zame maka. Sunansa Wang Na, wato Fadar Gaba. An gina shi a 1782, shekarar da aka kafa Bankok, domin ƙanen Sarki Rama na Ɗaya. Ka ɗauka gidan Ciroma ne, amma Ciroma mai dakarunsa da fadawansa da baitulmalinsa. Ka san kuwa zakara biyu ba sa cara a akurki ɗaya. A ƙarshen 1874 rigima ta tashi tsakanin Sarki Chulalongkorn da mai gidan na lokacin, Wichaichan, har ya gudu ya fake a ofishin jakadancin Ingila. Da ya rasu a 1885 sai sarki ya soke sarautar ɗungurungum, a 1887 kuma aka kwaso kayan tarihi aka zuba a gidan. Wanda ya san Gidan Makama na Kano ba zai sha mamakin gidan sarauta ya koma gidan kallo ba. Jami'ar Thammasat da ke maƙwabtaka ma a tsohon filin fadar take zaune.

Shawarata ta saɓa wa ta masu jagora: fara da rumfar karusan jana'izar sarakuna tun ƙafarka na da ƙarfi. Ni a ƙarshe na je, a gajiye, na yi da-na-sani. Babbar cikinsu, Maha Phichai Ratcharot, an sassaƙa ta a 1795. Tsawonta sama ya haura mita 11, nauyinta ya wuce tan 13, duk katako ne da aka shafe da ruwan zinare aka liƙa ƙananan madubai, kawunan macizai jere a gefe. Ba doki ke jan ta ba, ba inji ba, mutane sama da 200 ne ke kama igiya. Kuma har yanzu tana aiki: ita aka fito da ita a Oktoban 2017 a jana'izar Sarki Bhumibol. Ka tsaya daf da ƙafarta ka ɗaga kai, hularka sai ta nemi faɗuwa. Na ga hawan Daushe, na ga adon dawakin Zazzau, amma katako mai irin wannan aiki ban taɓa gani ba.

Daga nan sai ɗakin ibadarsu na Buddhaisawan, inda gunkin Phra Buddha Sihing yake. Nan ne wasunmu ke ja da baya. Ba wanda zai ce ka rusuna. Takalmi kawai ake cirewa, ka rage murya, in ka zauna kada ka miƙe ƙafa ta fuskanci gunkin, wannan cin fuska ne a wurinsu. Zanen bangon yana cikin mafi tsufa a birnin. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kalli rufin daga waje ka wuce, ba a tilas.

Wani gini da ake kira Jan Gida yana kusa, na katakon icen tik (teak), asalinsa na yayar Rama na Ɗaya ne. Minti goma ya isa.

Abin da zan ce ɗan kasuwa kada ya bari ya wuce shi, shi ne dutsen Sarki Ramkhamhaeng. Ka tambayi ma'aikata ɗakin da yake, domin ƙarami ne, za ka iya gifta shi ba ka lura ba. Shekararsa 1292, kuma a jikinsa aka ce sarkin ne ya ƙirƙiro rubutun Tailan a 1283. Yana yabon ƙasar Sukhothai, tsohuwar masarautar sarkin, cewa akwai kifi a ruwa, akwai shinkafa a gona, mai son cinikin giwa ya yi, mai son na doki ya yi, sarki ba ya karɓar kuɗin hanya. Da aka fassara mini sai shingayen da ke tsakanin Legas da Jos suka faɗo mini a rai, na yi dariya ni kaɗai. Wasu masana dai suna jayayya cewa an sassaƙa shi ne daga baya.

Ɗakunan tsakiya, inda iyalan gidan suka zauna, cike suke da makamai, kujerun hawan giwa, tangaran da fuskokin 'yan rawa. Ka bi su da sauri, in ba haka ba Azahar za ta same ka a ɗaki na uku. Awa uku sun ishi mai hankali.

Idan ka fito, ka nufi unguwar Banglamphu da ƙafa ka tambayi masallacin Chakraphong. Yana cikin wani siririn lungu, tsohon masallaci ne na Musulmin da asalinsu daga kudancin ƙasar yake. A bakin lungun akwai masu sayar da abincin halal. Ka ce a ba ka khao mok kai, dafa-dukar shinkafa ce da kaza, kuma ka gaya musu tun da wuri su rage maka sukari a miyar da ke gefe.